Jembe da yadda ake koyon kiɗanta

Jembe ganga ce ta al'ummomin Mande, wato Malinke da Bambara da 'yan'uwansu, kuma cibiyarta tana arewa maso gabashin Gini da kudancin Mali, ko da yake ana kaɗa ta a Burkina Faso da Kodebuwa da Senegal. Siffarta kamar turmi: sama mai faɗi, ƙugu tsukakke, ƙasa a buɗe. Da tafin hannu da yatsu ake kaɗa ta, ba a sa mata gula kamar kalangu. Gwanin kaɗa ta ana ce masa jembefola, ma'ana mai sa jembe magana.

Tarihin baka yana danganta ta da numu, wato maƙeran Mande, waɗanda su ne masu sassaƙa, kuma ana alaƙanta yaɗuwarta da daular Mali da ta kafu a ƙarni na 13. Amma kaɗa ta ba gadon wani gida ba ne. Jeli, maroƙan Mande, su ke riƙe da kayan kiɗa irin su kora da balafon da ngoni, ita kuwa jembe ɗan manomi ma yana iya ɗauka, in dai hannunsa da kunnensa sun yarda.

Daga gungumen itace ɗaya ake sassaƙa ta, galibi kawo ko maɗaci ko ƙirya ko madobiya, a rufe bakin da fatar akuya. Tsawonta kan kai kimanin santimita 60, faɗin bakin kuma 30 zuwa 38. A da da tsirkiyar fata ake ɗaure ta, a gasa ta a bakin wuta kafin wasa don fatar ta yi tauri. Yanzu zoben ƙarfe da igiyar nailan sun karɓi wannan aiki, shi ya sa jemben zamani ta fi ta da kaifin murya.

Darasin farko sauti uku ne, kuma a nan yawancin masu koyo suke daɗewa. Na farko mai kauri ne, ana samun sa idan aka sauke dukan tafin hannu a tsakiyar fata aka ɗauke nan take. Na biyu na baki ne: yatsu a haɗe, a buga gefen fata, ya fito a dunƙule. Na uku shi ne mari, mai ƙara kamar bulala. Wurin bugunsa kusan ɗaya ne da na biyu, sai dai yatsun a sake suke, ƙarshensu ne ke faɗawa kan fata. Mai kallo daga nesa ba zai ga bambanci a hannun ba, kunne ne kawai ke raba su. Sabon shiga yakan ɗauka ƙarfi ne sirrin, ya yi ta dukan ganga har yatsu su kumbura, alhali gwani yana iya fitar da mari mai tsabta ba tare da ya ɗaga hannu sosai ba. Dole kuma hagu ta kamo dama, don in ɗaya ta fi ɗaya nauyi, kiɗan ɗingishi zai yi. Mai zama yakan karkata gangar gaba tsakanin cinyoyinsa don ƙasanta ya sami iska, mai tsayuwa kuwa rataya ta yake a kafaɗa.

Jembe ba ta cika fita ita kaɗai ba. Ƙashin bayan kiɗan yana wurin dunun, ganguna masu baki biyu da fatar saniya da ake bugawa da sanda: babbar dununba, matsakaiciya sangban, ƙarama kenkeni, sau da yawa da ƙararrawar ƙarfe a jikinsu. A ƙasar Malinke sangban ce ke riƙe da taken kiɗa, ita mai rawa ke saurare. Wanda ya haddace bugun jembe bai san abin da sangban ke faɗa ba, rabin kiɗan kawai ya sani.

Kowane kiɗa da lokacinsa. Kassa na noma ne, a bi manoma da shi a gona ana zuga su, kamar dai gangar noma a wurin gayya. Soli na bikin kaciya ne. Dununba, rawar ƙarfafan maza mai suna ɗaya da babbar gangar, daga yankin Hamana kusa da Kurusa a Gini ta fito, kuma iyali guda ne mai rassa da yawa. Moribayassa mace ke rawarsa bayan Allah ya yaye mata wata babbar damuwa, kamar rashin haihuwa, sanye da tsummoki. Kuku daga kurmin Gini yake, Yankadi da Makru kuma na ƙabilar Susu ne.

Koyon gargajiya babu aji babu allo. Yaro yakan bi ubangidansa bikin aure da suna, ya ɗauki kaya, a ba shi amshi ɗaya gajere ya yi ta maimaitawa sa'o'i ba tare da ya kauce ba. Shekaru zai yi a haka. Waƙoƙin kuwa tun yana goye yake jin su a bakin mata masu tafi. Ranar da aka bar shi ya ja gaba, aikinsa kallon ƙafa ne: mai rawa ta shigo fili, ya bi takunta da bugu, ya ƙara wuta in ta ƙara, ya rufe daidai lokacin da za ta fita. Makaɗin da ya shagala da nuna gwaninta ya bar mai rawa a tsaye, matan wurin ba za su ɓoye masa ra'ayinsu ba.

Dandamali ya sauya abubuwa da yawa. Fodéba Keïta ya kafa ƙungiyar rawa ta Les Ballets Africains a Paris a 1952, ta zama ƙungiyar ƙasa bayan Gini ta sami 'yanci a 1958 ƙarƙashin Sékou Touré. Aka tattaro kaɗe-kaɗen ƙabilu daban-daban, aka ƙara musu sauri, aka tsara ɗan gajeren kira da ke buɗe kiɗa da rufe shi. Famoudou Konaté, wanda aka haifa a 1940, ya yi sama da shekara 20 yana jagorantar jemben ƙungiyar. Mamady Keïta, ɗan Balandugu da aka haifa a 1950, ya shiga wata ƙungiyar rawa ta Gini, Ballet Djoliba, yana ɗan shekara 14, ya koma Beljiyam a 1988, ya buɗe makarantar Tam Tam Mandingue a 1991, ya rasu a 2021. Da hannun irin waɗannan ne jembe ta shiga aji a Turai da Amurka da Japan.

A aji ana rarraba kiɗa gunduwa-gunduwa, a rera shi da baki kafin a kai hannu. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka yaɗu ita ce ta Babatunde Olatunji, makaɗi ɗan Ajido kusa da Badagiri: gun da dun ga sauti mai kauri, go da do ga na baki, pa da ta ga mari, a kowane biyu na farko na hannun dama na biyu na hagu. Hanyar tana saurin sa mutum ya riƙe amshi. Abin da ba ta iya ɗauka shi ne ɗan jinkiri da ɗan gaggawar da makaɗan Bamako da Hamana ke sawa tsakanin bugu, wanda ba ya zama daidai a takarda. Saboda wannan ne ɗalibai daga waje ke zuwa Konakiri da Bamako da rani, su yi makonni a gidan malami, su bi shi biki, da dare su shafa man kaɗe a tafin da bai riga ya yi kanta ba.