Ɓeran Masar bayan an yi masa aiki: ku duba cikinsa kafin ɗinkin

Kwanakin baya wani yaro ya same ni a Aboabo rungume da kwali, mahaifiyarsa na biye da shi. A cikin kwalin akwai ɓeran Masar namiji da aka yi wa fiɗiya kwana biyu da suka wuce. Yaron ya ce, "Malam, duba ɗinkin, bai warware ba, amma tun jiya ya ƙi cin komai." Ɗinkin kam lafiya lau yake. Na tambayi Hajiya ko ta ga kashi a kejin da safe, ta ce ba ta lura ba. Na ce ko an ba shi wani magani ban da na likita, sai ta ce ta fasa kafson amoksisilin ta zuba masa a ruwa don ciwon ya yi saurin kamewa. Da kyakkyawar niyya ta yi, Allah ya sani. Amma bayan kwana biyu zawo ya kashe shi, kuma kukan yaron nan bai bar kunnena ba har yau.

Shi ya sa nake so masu kiwon wannan dabba a Asawase, Sawaba, Sabon Zango da sauran unguwanninmu na Kumasi su saurare ni. Idan aka yi wa ɓeran Masar aiki, ko fiɗiya ce, ko cire dutse daga mafitsara, ko fasa ƙurji a wuya, ko ciro 'ya'ya daga macen da haihuwa ta gagara, idon kowa kan ɗinki yake tafiya. Alhali abin da ya fi kashe su a kwanakin farko tsayawar ciki ne.

Hanjinsa an halicce shi ne don ya yi ta aiki dare da rana, ciyawa na shiga, kashi na fita. Zafin ciwo da maganin barcin da aka yi masa suna rage wa hanjin motsi. In ya daina ci, iska ta taru, ciki ya kumbura, zafi ya ƙaru, sai ya ƙara ƙin abinci. Ga shi ba ya iya amai. Don haka in ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, kada a ce bari mu gani zuwa gobe. A kira likitan da ya yi aikin nan take. Kashin ma a duba shi da kyau: in ya ƙanƙance ya bushe, ko ya ragu sosai, ciki ya fara tsayawa ke nan.

Kafin a kai ga likita, a ba shi abinci da hannu. A nemi sirinji mai cin mil 1, a cire allurar, a yanke bakin kaɗan don ya buɗe. A jiƙa abincinsa na buhu da ruwan ɗumi ya yi kamar koko mai kauri. A naɗe shi a tawul, ƙafafunsa na ƙasa, kada a kwantar da shi rigingine, a sa sirinjin ta gefen baki bayan manyan haƙoran gaba, a matsa kaɗan, a jira ya tauna ya haɗiye. Gaggawa a nan haɗari ce, domin in abincin ya bi ta hanyar numfashi huhu zai kamu. A maimaita duk bayan awa 3 zuwa 4, har da dare. Na san da wuya, musamman ga mai fita kasuwa da asuba, amma a raba aikin tsakanin 'yan gida. Sai dai in cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, a dakata da ɗurawa, a garzaya da shi asibitin dabbobi.

Maganar kafso kuwa, ina roƙonku da girman Allah. Penisilin, amfisilin, amoksisilin, eritromaisin da kilindamaisin duk suna iya kashe ɓeran Masar. Suna hallaka ƙwayoyin kirki da ke narka masa abinci a hanji, sai miyagun su samu fili su zuba dafi. Maganin da ya warkar da ɗanki ko akuyarki ba nasa ba ne. Akwai waɗanda suka dace da shi, likitan dabbobi ne zai zaɓa, ya auna gwargwadon nauyinsa. Maganin rage zafin da ya rubuta kuma a ba shi a kan lokaci, kada a tsaya jiran a ji yana kuka. Dabba ce da ake farauta a asalinta, can a tsaunukan Kudancin Amurka, saboda haka ɓoye ciwo take yi. Alamarsa ita ce ya takure a lungu, gashi ya tashi, ido ya lumshe, yana cizon haƙora.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan gashi yana yaudarar ido. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200. A ɗora shi a ƙaramin sikeli kowace safiya a rubuta. In ya sauke giram 50, ko kullum yana raguwa, likita ya ji.

Shi kansa ɗinkin a duba shi safe da yamma. Mu a Kumasi garin katako ba ya mana wuya, kuma shi muka saba shimfiɗawa a keji, amma yana maƙalewa a ciwo. A cire shi har sai an warke, a shimfiɗa tsohon tawul ko farin ƙyalle, a sauya kullum. Farin ya fi, don za a ga jini ko launin fitsari. Kumburi, wari, ruwa mai fita, ko ya fara cizge zaren, duk na komawa wurin likita ne. Mugunyarsa kauri gare ta kamar cuku, ba ta tsiyayewa da kanta, matsawa da hannu kuma ƙara ɓata wurin yake yi. Kada a sa toka, man shafawa ko garin magani. A rufe kejin da gidan sauro, domin ƙuda na yin ƙwai a ciwo, cikin kwana guda tsutsa ta fito. Namijin da aka fiɗiye, in aka ga kumburi mai laushi a wurin, yana iya zama hanji ne ya zazzago. A raba shi da mace har mako 6, don kafin nan yana iya yi mata ciki.

Daren farko jikinsa kan yi sanyi, musamman da hunturu, sai a naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma a ajiye a gefe guda, yadda zai iya matsawa in ya ji zafi. Bayan nan zafinmu ne abin tsoro. Da zarar ya doshi digiri 30 yana galabaitar da shi, don haka kada a bar keji ƙarƙashin kwano da rana tsaka.

Kamar mu mutane, jikinsa ba ya ƙera bitamin C, kuma in babu shi ciwo ba ya haɗewa. Yanki na tattasai marar yaji ko ɗan gwaiba kullum ya taimaka, tare da ɗanyar ciyawa mai tsabta da ba a fesa wa magani ba. Kada a ba shi ɗanyen kontomire (ganyen gwaza), ganyen rogo, albasa da paya (avokado). Wanda aka cire wa dutse a rage masa harawa.

Ba kowane mai duba shanu da tumaki ne ya saba da wannan ƙaramar dabba ba, kuma ba laifi ba ne ka tambaya tun kafin a yi aikin. Akwai ofishin kula da dabbobi na gwamnati, akwai kuma makarantar likitocin dabbobi a jami'ar KNUST. Ranar da za ka ɗauko shi, ka karɓi lambar likitan, ka tambaye shi yawan abincin da za ka ɗura a yini da ranar da za a duba zaren, yawanci tsakanin kwana 10 zuwa 14. Sirinjin kuma ka saye shi kafin ka iso gida.