Filin wasa na Pier Luigi Penzo

Filin wasa na Pier Luigi Penzo shi ne gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Venezia. Yana kan tsibirin Sant'Elena, can ƙarshen gabashin birnin Venice da ke arewa maso gabashin Italiya. An buɗe shi a 1913, kuma cikin filayen da ake buga gasar ƙwararru a ƙasar har yau, na Luigi Ferraris da ke Genoa kaɗai ya girme shi. Yana cin mutum kusan 12,000. Abin da ya fitar da sunansa shi ne mota ba ta zuwa wurin: mai son kallo ko dai ya taka da ƙafa, ko ya shiga jirgin ruwa.

Suna da tarihi

Pier Luigi Penzo matuƙin jirgin sama ne ɗan yankin, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1928 yana cikin waɗanda suka tafi ceton ayarin mai binciken nan ɗan Italiya, Umberto Nobile, da hatsari ya rutsa da su a ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. A hanyar dawowa jirginsa ya faɗa kogin Rhône a Faransa, ya rasu, daga baya aka sa wa filin sunansa.

Ƙungiyar kanta an kafa ta a 1907. Ta yi tashe ne a farkon shekarun 1940, lokacin da Valentino Mazzola da Ezio Loik ke cikinta: ta ɗauki Kofin Italiya a 1941, shekarar da ta biyo baya kuma ta zo ta uku a gasar Serie A, sannan Torino ta sayi 'yan wasan biyu. A 1966 mutum kusan 26,000 suka cika filin don kallon wasa da AC Milan. Ran 11 ga Satumba 1970 wata guguwa ta afka wa Sant'Elena, ta kifar da jirgin fasinja a bakin tsibirin, mutum 21 suka mutu a ciki, ta kuma yi wa filin mummunar ɓarna.

A 1987 ɗan kasuwa Maurizio Zamparini ya haɗe Venezia da ƙungiyar Mestre ta kan tudu, aka koma wasa a can har 1991. Daga wannan haɗin rigar ta sami launinta uku: baƙi da kore na Venezia, ruwan lemo na Mestre.

Zuwa filin

Nan ne daɗin wurin yake. Baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia, ko ya ajiye mota a Piazzale Roma, zai shiga jirgin ruwan haya da mutanen gari ke kira vaporetto. Ranar wasa jirgin kan cika maƙil, magoya baya rataye da mayafan ƙungiya suna waƙa a tsaye, kafaɗa da kafaɗa da masu yawon buɗe ido. Su kansu 'yan wasan, na gida da baƙi, a jirgin ruwa ake kawo su.

Wanda ke da lokaci gara ya taka. Daga dandalin San Marco tafiyar kamar rabin awa ce, ana bin gaɓar ruwa, a hau wannan gada a sauka waccan, a wuce lambun da ake baje kolin zane-zane na Biennale. Sannu a hankali cunkoson baƙi ke raguwa, har a shiga unguwar da mutanen gari ke zaune, ga itatuwa, ga wanki shanye tsakanin gidaje. Sai an tsallaka wata 'yar gada kafin a kai ƙofa. Kamar yadda ake yi a manyan wasannin Italiya, tikiti na ɗauke da sunan mai shi, don haka a riƙe fasfo ko katin shaida.

Ciki ba wani ƙawa. Babbar rumfa ce tsohon ginin da ya rage, sauran ɓangarorin kuwa da bututun ƙarfe aka harhaɗa su, idan magoya bayan gida da ke ɓangaren kudu, wato Curva Sud, suka fara tsalle sai a ji ƙasan na rawa. Daga saman kujeru ana hango hasumiyar cocin Sant'Elena da dogayen sandunan jiragen ruwa da ke daure a mashigi. Da hunturu iska mai sanyi da hazo kan taso daga ruwa su rufe filin.

Shekarun baya-bayan nan

Masoyan ƙungiyar ba sa manta Álvaro Recoba, wanda ya zo aro daga Inter a Janairun 1999, ya ci ƙwallo 11 cikin rabin kaka, ya tsare ta a Serie A. Bayan nan ta sha wuya, don sau uku tana durƙushewa saboda bashi, a 2005 da 2009 da 2015, kowane karo kuma daga ƙananan rukunoni ta sake farawa. Ta dawo Serie A a 2021, aka faɗaɗa filin zuwa kujeru 11,150. A Nuwamban shekarar ne David Okereke, ɗan Najeriya, ya ci ƙwallon da ta kayar da Roma ta José Mourinho da ci 3 da 2 a wannan fili.

Hukumomin birnin sun fara gina sabon fili a Tessera, kan tudu kusa da filin jirgin sama na Marco Polo, inda mota da bas za su iya kai mutane har bakin ƙofa. Can ake shirin mayar da wasannin Venezia idan an kammala.