Barkwancin kan dandamali: me ke sa dariya, me ke sa a tashi da ɓacin rai?

Da zarar sanyin Jos ya kankama a ƙarshen shekara, bukukuwa da taruka sai su yi yawa, kuma kusan kowanne sai an ɗauko mai barkwanci an miƙa masa makirufo. Wani a watse ana yabonsa, wani a watse ana yi masa Allah ya isa. Ga wasu tambayoyi da mutane kan yi game da wannan sana'a.

Me ya raba mai barkwancin kan dandamali da ɗan wasan ban dariya na fim?

Mai barkwancin kan dandamali shi kaɗai yake. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, yana da abokan wasa, yana da kayan shiga, yana da darakta mai cewa a sake ɗauka idan ba ta yi kyau ba. Haka marigayi Samanja Mazan Fama a Kaduna, haka namu marigayi Karkuzu na Bodara a nan Jos. Mai tsayuwa a dandamali kuwa daga shi sai bakinsa. Idan zancen bai shiga ba, a gaban idonsa jama'a za su yi tsit, kuma dole ya san yadda zai fita daga wannan shirun kafin a fara duba waya.

Ba daga Kudu aka kawo mana wannan sana'ar ba?

Salon da ake sayar wa tikiti daga can ya zo. Ali Baba, ɗan jihar Delta, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya mayar da abin sana'a mai kawo kuɗi, sannan Opa Williams ya fara shirya babban taron masu barkwanci a Legas a 1995, inda da yawa daga cikin sanannun yau suka fito. Amma mutum ya tsaya gaban taro ya sa su dariya da baki, wannan Bahaushe ya daɗe da saninsa. Ɗan kama kan ɗauki waƙar wani mawaƙi, ko salon karatun malamai, ya juye shi kaf ya koma zancen tuwo da fura da nama. 'Yan gambara na yi a kasuwa, nasu da zambo da batsa a ciki. Wawan sarki kuma yakan faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda matasanmu masu baiwa suka tattara suka koma gajeren bidiyon TikTok, aka bar dandamalin Hausa kusan babu kowa.

Su wa suka fi iyawa?

Kowa da gwaninsa. Basketmouth ya san lokacin da zai yi shiru da lokacin da zai saki magana. Kenny Blaq da waƙa yake nasa. Helen Paul ta yi suna da muryar ƙaramar yarinya. Ali Baba ya zolayi Obasanjo a gabansa lokacin yana kan mulki, aka yi dariya aka tashi lafiya. Trevor Noah na Afirka ta Kudu, wanda ya jagoranci wani shahararren shirin talabijin a Amurka daga 2015 zuwa 2022, ƙarfinsa kwaikwayon harsuna ne. A nan kusa kuma MC Tagwaye ya kama muryar Buhari da tafiyarsa har sai ka waiga.

Ni dai Bovi na fi so. Yakan ɗauko labari ɗaya daga gidansa, tsakaninsa da matarsa ko 'ya'yansa, ya yi ta jansa har ka manta barkwanci kake sauraro, sannan ya kayar da kai a inda ba ka zata ba. Mai iya wannan ba ya buƙatar ya nemo wani a cikin taro ya mayar da shi abin dariya.

To me ke sa magana ta ba da dariya?

Galibi abu ne da kowa ya sani amma ba wanda ya taɓa faɗa da baki. A ce mai barkwanci ya ɗauko wankan asuba a Jos cikin Disamba. Mutum ya shiga bayi da bokiti, ya tsoma yatsa ɗaya, ya tsaya yana kallon ruwan. Ya ɗebi moɗa ya watsa a bango don na waje su ji ƙara, ya ƙara watsa wata, ya jiƙa fuska da ƙafa, ya fito yana rawar ɗari yana cewa yau kam ruwan ba sauƙi. Jama'a sun riga sun fara dariya domin kowa ya gane kansa. Sai mai barkwancin ya ɗan dakata, ya ce uwargida ta leƙa ta ga bango fes amma sabulu a bushe. Wannan dakatawar ita ce rabin aikin. Idan ya yi gaggawa ya haɗa maganar sabulun da ta baya, dariyar ta ragu. Ga shi an yi dariya har da hawaye, ba a taɓa mutuncin kowa ba.

Amma ai muna da wasan ƙabila. Me ya sa na dandamali zai zama laifi?

Domin wasan ƙabila yana da masu shi. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Fulani da Tibi, kowanne ya gaji abokin wasansa, kamar yadda taubasai suka gaji nasu, da jika da kaka. Idan Babarbare ya kira Bafulatani bawansa, ya san kafin ya rufe baki za a rama, kuma idan gobe Bafulatanin ya shiga matsala shi ne zai fara tsaya masa. Ba kowa ke da wannan izinin ba. Wanda ba abokin wasanka ba idan ya faɗa maka irin maganar, zagi ne.

A dandamali kuma makirufo ɗaya ne, wanda aka taɓa ba shi da bakin ramawa. Shi ya sa ran Bahaushe ke sosuwa idan ya ji wani daga Kudu ya sake ɗauko "aboki" mai gadi wanda bai iya Turanci ba, kamar duk Arewa ba a haifi likita ko alƙali ba. Mu ma sai mu duba namu, don fina-finanmu sun sha nuna Bayarabe a matsayin mai hayaniya, Ibo kuma mai son kuɗi, mun yi dariya ba mu tambayi yadda suka ji ba.

A Jos abin ya fi haka nauyi. Garin nan ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008, ya ga na 2010. A zauren taro ɗaya a unguwar Rayfield za ka samu Birom da Bahaushe da Angas da Bafulatani da Jarawa, duk suna jin Hausa, kuma a cikinsu akwai wanda aka ƙona wa gida, akwai wanda ya bar unguwar da aka haife shi bai sake kwana a cikinta ba. Wanda ya hau ya fara wasa da zancen ɗan ƙasa da baƙo, ko shanu da gona, bai san gyambon wa yake fama ba. Ba wai a ce kada a taɓa wancan lokacin ko kaɗan ba. Gwani zai iya ɗauko dokar hana fita, ya ba da labarin maigidan da ya wuni a gida karon farko, ya ga yaro a tsakar gida ya tambayi ɗan waye, aka ce masa autansa ne. Mutumin Gangare, unguwar da Musulmi suka fi yawa, zai yi dariya, na Tudun Wada, inda Kiristoci suka fi yawa, shi ma zai yi, domin dokar tare ta kulle su.

Zolayar mai lalura ko mata fa?

A Maris ɗin 2022, a bikin ba da kyautar fina-finai ta Oscar a Amurka, mai barkwanci Chris Rock ya yi wasa da askakken kan Jada, matar Will Smith, alhali ciwon zubewar gashi ke damunta. Mijin ya hau dandamali ya mare shi duniya na kallo. Marin kuskure ne, amma wasan ma bai dace ba. A gida kuma Basketmouth ya sha suka a 2014 kan wani barkwanci da ya shafi fyaɗe, kuma maganar ta biyo shi har 2019, lokacin da Tarayyar Turai ta cire shi daga jakadun yaƙi da cin zarafin mata. Mu nan mun saba da yi wa mai in'ina dariya, da wada, da makaho, da bazawara. Mutum bai zaɓi halittarsa ba, kuma sau da yawa za ka ga yana murmushi ne don kada a ce bai san wasa ba, ya koma gida da abin a ransa.

Addini ya hana barkwanci ne?

Bai hana ba. Manzon Allah (SAW) yakan yi raha, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya. An ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ke yin ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da kiran juna da munanan laƙabi. Wasa da abin da wani ke bauta wa kuwa, Musulmi ne ko Kirista, a garin nan ba abin da za a gwada ba ne.

Masu mulki ma ba a taɓa su?

Su ne ma suka fi cancanta a taɓa, tunda suna da bakin ramawa har ya yi yawa. Sai dai akwai hatsari. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A ganina hukuncin ya yi tsauri. Duk da haka, kwaikwayon muryar shugaba da zolayar alƙawarin da bai cika ba daban, jingina masa laifin da ba ka da hujja a kai daban.

Zan ɗauko mai barkwanci a bikin ƙanwata. Me zan gaya masa?

Ka zauna da shi kafin ranar. Gaya masa su wa za su zo, ko akwai surukai daga wata ƙabila ko wani addini, ko akwai wadda aurenta bai daɗe da mutuwa ba, ko wadda ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Ka ce kada ya tayar da baƙo tsaye don a yi masa dariya, kada ya auna kyautar mutane da baki, kada ya yi batsa gaban iyaye. Ango da abokansa ya zolaye su son ransa, su suka kawo kansu. Ka kuma tuna masa cewa wayoyi na ɗauka, kuma guntun bidiyon da zai isa WhatsApp kafin magariba ba zai nuna abin da ya faɗa kafin nan ba. Ka riƙe rabin kuɗinsa sai an tashi.