Ofishin HR: Amsoshin tambayoyin da ma'aikata ba sa gajiya da yi

Ofishin kula da ma'aikata, wato HR, na ma'aikata ne ko na kamfani?

Na kamfani ne. Wa ke biyan su albashi? To, shi ke nan.

Ke nan maƙiyanmu ne?

A'a, kada ku wuce gona da iri. Su ma ma'aikata ne, ana iya korar su gobe. Aikinsu shi ne su hana kamfani shiga rigima, kuma sau da yawa hanya mafi sauƙi ta yin hakan ita ce a ba ka haƙƙinka.

To me ya sa ba a yarda da su?

Saboda ba a ganin fuskarsu sai ranar takardar tuhuma ko ranar sallama. Saboda mutum ya kai ƙorafi da safe, kafin azahar wanda aka kai ƙararsa ya ji har kalmomin da ya faɗa. Saboda ana cewa "mu nan iyali ɗaya ne", sannan ƙarin girma ya tafi wurin ɗan uwan manaja. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba ya sake buɗe baki.

Ana cire mini kuɗin fansho amma ba na ganinsu a asusuna.

Tun yaushe, kuma kana zaune shiru? Dokar fansho ta 2014 a Najeriya ta ce kai kashi 8 cikin 100 na albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki kashi 10, kuma a zuba su cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Karɓi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, rubuta wa HR takarda. In sun yi biris, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, na karɓar ƙorafi.

Ogana yana takura mini. In kai ƙararsa HR?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsawa da e ko a'a. Ya danganta da irin takurawar, da girman ogan, da wanda shugaban HR ɗin yake amsa wa. In ogan naki shi ne mai kamfanin ko amininsa, gaskiya da wuya ofishin ya iya masa komai, ko da mutanen cikinsa na kirki ne. In babban kamfani ne mai rubutacciyar hanyar sauraron ƙorafi, akwai alamar nasara, amma ba tabbas.

Kafin ki taka ƙafa, ki tara hujja: rana, lokaci, abin da ya faɗa, wanda ke wurin, saƙonnin waya. Ki ajiye su a inda ba kwamfutar ofis ba. Ki kai ƙorafin a rubuce, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Kuma kafin ki fara bayani ki tambaye su ƙarara: wa zai ji wannan magana? Ba za su iya ɓoye komai ba, domin bincike na buƙatar a ji ta bakin wanda ake zargi. Wanda ya ce miki "ba wanda zai ji" ki yi hattara da shi.

In akwai ƙungiyar ƙwadago a wurin, ki fara da wakilinku. In abin ya kai ga cin zarafi ko neman lalata, kada ki tsaya jiran sulhun cikin gida. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na sauraron irin wannan ƙara, amma ki ga lauya tukuna, domin shari'a na cin lokaci da kuɗi. Ki kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne, kuma kai ƙorafi ba rashin kunya ba ne.

Ba ni da takardar ɗaukar aiki. Matsala ce?

Babba ma. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Nemi taka yau.

Ni ma'aikacin HR ne. Yaya zan sa a yarda da ni?

Ba da walimar ƙarshen shekara ba, malam. Ka daina alkawarin sirrin da ba za ka iya riƙewa ba. Faɗa wa mutum tun farko abin da dole ka kai sama. Duk ƙorafin da aka kawo, ka koma wa mai shi da amsa, ko da amsar "an ƙi" ce, tare da dalili. Ka liƙa ƙa'idar ƙarin girma inda kowa zai karanta. In albashi zai makara, ka sanar kafin ƙarshen wata, masu haya da kuɗin makaranta su san yadda za su yi. Sannan hukuncin da ka yi wa masinja kan makara, ka yi wa manaja irinsa.