Otizim a mata: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tambayoyin nan kan otizim, wato larurar ci gaban ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane da yadda yake jin sauti, haske da taɓawa, sun zo mini sau ba adadi. Ga su na tara wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake turo su.

Mata ma suna da otizim?

Suna da shi.

To me ya sa kullum yara maza ake nunawa?

Domin da su aka fara awo. A 1943 likita Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 masu otizim, takwas maza ne. A 1944 wani likitan, Hans Asperger, ya kawo bayanin yara huɗu dalla-dalla, duk maza. A jikin namiji aka auna rigar, aka zo ana gwada wa mata ana cewa ba ta zauna musu ba. An daɗe ana cewa a cikin masu otizim, maza huɗu mace ɗaya. Wani nazari na 2017 ya nuna in aka shiga cikin jama'a aka duba kowa, ba waɗanda aka riga aka gano kaɗai ba, lissafin ya fi kusa da uku da ɗaya.

Shi ne galahanga?

Wasu haka suke kiransa, amma kalmar ta zama buhu, larurori iri-iri ake zubawa ciki. Mace tana iya yin digiri, ta riƙe aiki, ta haifi 'ya'ya, kuma tana da otizim.

Allurar rigakafi ce ke jawo shi?

A'a. Mujallar likitoci ta Lancet da ta buga wannan iƙirari a 1998 ta janye shi a 2010. Ku kai 'ya'yanku rigakafi.

Ta yaya za a ce mace tana da otizim, alhali tana kallon mutane ido da ido, har ƙawaye gare ta?

Wannan magana ce ke cinye wa mata shekaru, kuma tana ɓata mini rai. Kun ga dariyar, ba ku ga lokacin da ta tsaya gaban madubi tana gwada ta ba. Ba ku san tsakanin girarku take kallo ba, ko cewa haddace hirar ta yi tun a hanya. Ta dawo ɗaki ta kashe fitila, ta kwanta awa biyu ko magana ba ta iyawa. Sai ku ce tana da kunya, ko miskila ce.

Likita ya ce larurar ɗabi'a ta bodalayin gare ni, ni kuma ina zargin otizim. Yaya zan bambance?

Bodalayin larura ce ta saurin sauyawar yanayin zuciya da rikicewar zumunci. A nan dole mu bi a hankali, domin daga nesa ita da otizim sun yi kama: fashewa da kuka ko fushi, zumunci da ke yawan lalacewa, cutar da kai, jin ba ki san ko ke wace ce ba. Kuma a asibitoci kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake ce wa suna da bodalayin mata ne, don haka da mace ta shigo a rikice, can hankalin likita ke fara tafiya.

Ki duba abin da ke tayar da ke. A bodalayin galibi tsoron a guje ki ne: ba a amsa saƙonki ba, sai duniya ta yi miki zafi. A otizim sau da yawa hayaniya ce, ko hasken da ya yi yawa, ko ɗan ƙyallen tambarin wuyan riga da ke sukar fata, ko an sauya shiri ba sanarwa. Sannan kaɗaici: yana firgita ki ne, ko a cikinsa kike samun numfashi? Na ce galibi, domin macen da aka yi ta ƙyama tun tana ƙarama ita ma za ta ji tsoron a guje ta, ko da otizim ne tushen. Kuma ana iya samun duka biyun a mutum ɗaya.

Abin da ya fi nauyi shi ne yarinta. Otizim tun ƙuruciya yake, bodalayin kuwa yawanci a shekarun balaga yake bayyana. Ki tambayi mahaifiyarki ko yayarki yadda kike a shekara huɗu ko biyar. Ki rubuta abin da ya faru kafin kowace fashewa, na 'yan makonni. Ki kai wa likitan ƙwaƙwalwa wanda ya saba duba manya masu otizim. In kina shan magani, kada ki daina da kanki saboda wani bidiyo da kika kalla. In tunanin kashe kanki na zuwa miki, yau za ki nemi taimako, ba sai an gama tantance suna ba.

Akwai maganinsa?

Babu ƙwayar da ke cire otizim. Damuwa, fargaba da rashin barci da kan biyo shi, waɗannan ana magance su.

Na haura 40, ban makara ba?

Ba ki makara ba, 'yar'uwa. Ana gano mata da yawa ne bayan an gano 'ya'yansu: uwa na zaune likita na karanto alamomin ɗanta, tana jin kamar tarihinta ake karantawa. Ba lalaci ba ne ya sa kike gajiya da abin da wasu ke yi cikin sauƙi. Je ki a duba ki.