Natsuwar Ɗalibi da Tsawonta

Tsawon natsuwa shi ne iya lokacin da mai koyo zai tsayar da hankalinsa a kan abu guda, karatu ne ko lissafi ko bayanin malami, kafin zuciya ta zame ta tafi wani wuri. Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage. Ana cewa yaro ya mai da hankali, ya kasa kunne, ya natsu, ya tattara hankalinsa wuri guda. Kishiyar haka kuwa sai a ce yana da rawar kai, ko hankalinsa ya rabu biyu. Magabata sun ce hankali ke gani, ido gululu ne, kuma duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san gaskiyar wannan magana: yaro zai zuba wa allo ido ƙur har a gama darasi, a tambaye shi abin da aka rubuta ya yi zuru.

Muhimmancin natsuwa a ilimi ya zo ne daga yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Abin da hankali bai kama ba, ba ya shiga ma'ajiya, balle a tuno shi ranar jarrabawa. Ƙofar shigar kuma matsattsiya ce. Masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya rubuta a 1956 cewa mutum kan riƙe abubuwa wajen bakwai a kai a lokaci guda, daga baya Nelson Cowan ya sake duba maganar a 2001 ya rage adadin zuwa wajen huɗu. Shi ya sa malamin da ya jero umurni shida a numfashi ɗaya, buɗe littafi, ja layi, rubuta kwanan wata, kwafi wannan, amsa wancan, kawo a duba, zai tarar rabin ajin sun tsaya a na biyu suna leƙen takardar maƙwabci.

Ire-iren natsuwa

Masana halayyar ɗan Adam ba su ɗauki natsuwa a matsayin abu guda ba. Akwai ta dogon zango, wato jure wa aiki ɗaya na tsawon lokaci. Norman Mackworth ne ya fara auna ta sosai a Ingila, ya buga sakamakonsa a 1948, bayan an lura a Yaƙin Duniya na Biyu cewa sojojin da ke gadin na'urar hango jiragen abokan gaba suna barin wasu alamu su wuce su. Ya zaunar da mutane awa biyu gaban wani irin agogo, su riƙa lura da lokacin da hannunsa ya yi tsalle biyu maimakon ɗaya. Bayan rabin awa na farko sai kuskure ya ƙaru a fili.

Akwai kuma ta zaɓe, wato tsintar murya ɗaya a cikin hayaniya, kamar yadda uwa ke jin kukan ɗanta a tsakiyar taron suna. Colin Cherry ya yi gwajinta a 1953, Donald Broadbent kuma ya kwatanta ta da rariya a 1958. Ta uku ita ce raba hankali tsakanin ayyuka biyu, kuma a nan bincike bai wuce abin da karin magana ya riga ya faɗa ba: taura biyu ba ta taunuwa. Abin da mutum ke yi a zahiri shi ne tsalle daga wannan aiki zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana cin lokaci, yana jawo kuskure.

Sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe da linzamin duk wannan yana gaban kai, bayan goshi, kuma shi ne na ƙarshe wajen nuna. Ba ya kammala girma sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai. Ɗan shekara shida da ya kasa zama shiru na awa guda, shekarunsa yake nunawa.

Minti nawa ne?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma amsoshin da suka fi yawo su ne mafi rauni. An daɗe ana koya wa sababbin malamai cewa ɗalibi ba ya wuce minti 10 zuwa 15 yana sauraro. Ɗaya daga tushen maganar wani nazari ne da Johnstone da Percival suka yi a 1976, inda suka zauna a ɗakunan lacca suna kallon ɗalibai suna rubuta lokacin da suka ga alamar hankali ya tafi. A 2007 Karen Wilson da James Korn suka bi diddigin hujjojin wannan ƙa'ida, suka tarar ba su da ƙarfin da za a kafa doka a kansu. Wani gwaji na 2010, wanda Diane Bunce da abokan aikinta suka yi da ɗaliban kimiyyar sinadarai a Amurka, ya ba da hoto daban. An ba ɗalibai 'yar na'ura su danna duk lokacin da hankalinsu ya tafi ya dawo. Sai aka ga ɓacewar gajera ce, galibi ba ta wuce minti ɗaya ba, tana faruwa tun farkon darasi, tana kuma raguwa idan malami ya jefa tambaya ko ya nuna wani abu a aikace.

Akwai kuma labarin da ya zaga duniya a 2015, daga wani rahoton kamfanin Microsoft reshen Kanada, wai natsuwar mutumin zamani ta faɗo zuwa daƙiƙa 8, ƙasa da ta wani ɗan kifin ado. Da 'yan jaridar BBC suka nemi asalin alƙaluman a 2017, ba su samu binciken da ya haife su ba. Har yau ana maimaita labarin a tarurrukan horar da malamai.

Abin da ya tabbata shi ne natsuwa ba ta da mudu ɗaya. Yaron da ba ya iya minti biyar a darasin nahawun Faransanci, shi ne zai shafe yini yana lanƙwasa waya yana ƙera mota, ko ya zauna gaban kakarsa ana tatsuniya bai ko motsa ba. Tsawonta yana bin aikin, da lafiyar jiki, da harshen da ake magana da shi, da kuma ɗakin da ake zaune.

A ajin arewacin Kamaru da Cadi

A lardunan arewa uku na Kamaru, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, akasarin makarantun firamare na gwamnati da Faransanci ake koyarwa tun daga ajin farko da ake kira SIL, har zuwa ajin ƙarshe, CM2, inda ake zana jarrabawar kammala firamare ta CEP. Ɗan Bahaushen Garwa ko Marwa ko Ngaundere yana tashi da Hausa a gida, da Fulatanci a titi da kasuwa, yana jin Larabci a makarantar allo, sannan ranar da aka kai shi lekol ya tarar da harshe na huɗu. Takwaransa na Njamena Larabcin Cadi ne harshen titinsa, a makaranta kuma Faransanci ko daidaitaccen Larabci. Wannan nauyi ne kai tsaye a kan waccan matsattsiyar ƙofa. Yaro yana kashe ƙarfinsa wajen gano abin da kalmomin ke nufi, kafin ya kai ga lissafin da ke cikinsu malam ya wuce gaba. Bayan ɗan lokaci sai ya daina ƙoƙari, ya koma bin baki: aji ya amsa, shi ma ya amsa. Daga nesa kamar ana karatu. Dokar tsarin ilimin Kamaru ta 1998 ta ambaci bunƙasa harsunan gida, kuma an yi gwaje-gwajen fara koyarwa da su a wasu makarantu, sai dai mafi yawan yara har yanzu da baƙon harshe suke fara a, ba, ca.

Sai cunkoso. Tun da aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a Kamaru a 2000 yara suka ƙaru, ɗakuna da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Aji mai yara ɗari ba baƙon abu ba ne a Arewa Mai Nisa, huɗu ko biyar a benci ɗaya, wasu a ƙasa. A wurare da dama iyaye ne ke haɗa kuɗi su ɗauki malami, haka ma a karkarar Cadi. Na bayan aji ba ya ganin allo da kyau, muryar malami kuma kafin ta iso masa ta gauraye da ta ajin da ke maƙwabtaka. Tasirin hayaniya abu ne da aka auna: a 1975 Arline Bronzaft ta nazarci wata makaranta a birnin New York da jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta, ta tarar yaran ɓangaren da ke fuskantar titin jirgin sun koma baya a karatu idan aka gwada su da na ɗaya ɓangaren. Da aka rage ƙarar, bambancin ya gushe.

Zafi ma yana da nasa kaso. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena kan haura digiri 40, ajujuwa kuma rufin kwano ne, da yawa ba silin. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe kwanon ya fara ƙara, alli yana manne wa yatsu, kawuna na saukowa kan benci ɗaya bayan ɗaya. Abin takaici, wannan lokaci shi ne daidai na shirin jarrabawar ƙarshen shekara. Gogaggun malamai kan sa lissafi da karatu da sassafe, su bar zane da waƙa da kwafi zuwa lokacin da rana ta take.

Yunwa kuwa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito ba ko koko, ya taka tafiya mai nisa, ba zai daɗe yana bin darasi ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Abinci ta Duniya ke ciyar da ɗalibai a wasu makarantun yankin. Ƙarancin jini, da tsutsar ciki, da zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta daga damina zuwa kaka, daidai lokacin komawa makaranta, duk suna rage kuzari ko da yaro bai kwanta ba. Barci ma haka. Likitocin barci na ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, matasa kuma awa 8 zuwa 10. Yarinyar da ta yi tallar dare ta tashi da asuba ɗibar ruwa ba ta kusa da wannan adadi.

Tsarin makarantar allo

Makarantar allo ta daɗe da nata maganin matsalar, ko da ba ta kira shi da wannan suna ba. Ba a yin zama ɗaya mai tsawo. Ana raba yini: karatun safe tun da sanyi, na yamma, da na dare, sannan a huta Alhamis da Juma'a. Ana ba yaro gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Mai babbaƙu baƙaƙe kaɗan ake rubuta masa, mai farfaru a ƙara masa wasula, sai ya yi ƙarfi a kai shi ga sumuni. Ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ya kuma tabbata ya riƙe. Kowa da darasinsa, kowa da saurinsa. Yana karantawa da murya, yana bi da yatsa, jiki na rausaya, don haka ido da kunne da baki da hannu duk suna kan aiki guda. Tilawa kuma maimaici ne a rarrabe cikin kwanaki, abin da Hermann Ebbinghaus ya nuna amfaninsa ga hadda a 1885.

Tsarin yana da rauninsa. Hayaniyar yara talatin, kowa da surarsa, tana ɓoye wanda bakinsa ke motsi hankalinsa na wajen wasa. Bulalar gardi tana dawo da murya sama nan take, amma tsoro kansa yana cin wuri a cikin hankali, kuma yaron da ke satar kallon hannun mai dorina ba allonsa yake kallo ba. Ga almajirin da ke fita bara kuma, yunwa da gajiya sun riga malam isa wajensa.

Dabarun aji

Abin da bincike ya fi goyon baya shi ne a riƙa sa ɗalibi yin wani abu da abin da ya ji, a kai a kai. Makarantun da suka gaji tsarin Faransa suna da wata tsohuwar dabara mai suna La Martinière, daga sunan wata makaranta a birnin Liyon. Malam ya yi tambaya, bakwai sau takwas, ya ɗan dakata. Ya buga tebur, kowa ya duƙa ya rubuta a ɗan allonsa na hannu. Ya sake bugawa, alluna su tashi sama gaba ɗaya. Da kallo ɗaya ya ga masu 56, ya ga masu 54, ya ga wanda allonsa fari fat. Ba ta buƙatar lantarki ko littafi, kuma a aji mai yara ɗari da wuya a sami abin da ya fi ta, domin ba wanda zai ɓuya a bayan amsar wani. Gwajin Roediger da Karpicke na 2006 ya ƙarfafa wannan hanya: ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi zaunar da shi a kai.

Wayar hannu sabon abokin hamayya ce, musamman a sakandare da jami'o'in Ngaundere da Marwa. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta auna cewa a 2004 ma'aikaci kan yi wajen minti biyu da rabi a kan abu guda a fuskar kwamfuta kafin ya sauya, a shekarun baya-bayan nan kuma daƙiƙa 47. Wannan awon ɗabi'a ne a gaban na'ura, bai nuna ƙwaƙwalwa ta lalace ba. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare a 2018, rahoton UNESCO na 2023 kuma ya nemi a taƙaita ta a aji.

Akwai yaran da matsalarsu ta wuce yanayi. Larurar da likitoci ke kira ADHD, ko TDAH a Faransance, tana shafar wajen kashi 5 cikin 100 na yara a duniya. Alamunta su ne yawan mantuwa, kasa ƙarasa aiki, da rashin zama wuri ɗaya, a gida da makaranta duka, tun kafin shekara 12. A unguwa irin wannan yaro sunansa mai ƙiriniya ko mai kunnen ƙashi. Ƙwararre ne kawai ke tabbatar da ita, kuma kafin ya yanke hukunci yakan fara duba ji da gani da barci, da wata irin farfaɗiya da ke ɗauke yaro na 'yan daƙiƙu ba tare da ya faɗi ba. Wani yaron da aka yi shekara ana duka a kan rashin mai da hankali, kunnensa ne ke ruwa, kuma daga bencin baya ba ya jin komai sai amon aji.