Mutanen Jirgin Windrush Ba Baƙin Haure Ba Ne

An daɗe ana ɗauka cewa mutanen tsibiran Karebiyan da suka ƙaura zuwa Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙi ne da aka yi wa alfarma. A gaskiya, lokacin da jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke fasinjojinsa 'yan Karebiyan a tashar Tilbury da ke kusa da Landan ranar 22 ga Yunin 1948, talakawan Sarkin Ingila ne suka sauko riƙe da fasfon Birtaniya, wasunsu ma tsofaffin sojojin samanta ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta wannan shekarar ta haɗa mutanen Birtaniya da na ƙasashen da take mulka a matsayi guda. Bugu da ƙari, wasunsu nemansu aka yi, domin a 1956 hukumar sufurin Landan ta fara ɗibar ma'aikata daga tsibirin Barbados na Karebiyan. Sai a 1962 aka fara taƙaita shigowarsu.

Wannan kuskure kuwa ya yi ɓarna. A 2018 ta bayyana cewa an kori wasu tsofaffi daga cikinsu daga aiki, an tsare wasu, har an tasa ƙeyar wasu daga ƙasar, saboda an nemi su kawo takardun da ba a taɓa ba su ba.